Ranar da Mai-Otal Ya Soya Wa Kawu Ƙwai

Tsohuwar nas ɗin da suke haya gida ɗaya da ɗana ce ta fara kawo mini wannan labari, ranar da abin ya faru, da la'asar. Ko sallama ba ta ƙarasa ba dariya ta ci ƙarfinta. Na ba ta ruwa ta sha, ta ƙware, sai da na bubbuga mata baya. Sauran kuwa a bakin surukata na tsinta, da ƙyar, kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafa. Wanda ya tafka abin ɗana ne, autana. Ba zan ɓoye ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma in yana wari, ai sai a faɗa.

Mai-Otal ake kiransa a layinsu, kuma shi ya jawo wa kansa. Ya taɓa yin gadin ƙofar baya a wani babban otal, ƙofar da motar kayan miya ke shiga. Kwana arba'in ya yi suka sallame shi saboda barci. To a jikin ƙofar nan akwai tagar kicin, ta nan yake leƙen masu girki. Tun daga lokacin ba a sake yin magana a gabansa ba bai ce "mu a otal" ba. In ana yanka albasa, mu a otal ba haka muke yi ba. In ana shara, mu a otal. Har jariri in ya yi kuka, a otal ba haka jarirai ke kuka ba.

Wata takwas yana zaune ba aiki. Keken ɗinkin matarsa ke ciyar da su, su da 'yan biyunsu. Da tura ta kai bango sai ta cire kunya ta je wurin kawunta, mai gidan abinci a bakin tashar mota, ta roƙe shi ya ɗauki mijinta ko da kai wa mutane faranti ne. Kawun ya ce a turo shi.

Ya je. Maimakon ya durƙusa ya yi godiya, sai ya tsaya yana ƙare wa kicin ɗin mutane kallo yana girgiza kai.

"Kawu, ni za a ba ɗaukar faranti? Ai asara ce. Kamar a sa likita sharar asibiti ne. Ni fa kuku ne."

Kawun mutum ne mai sanyin magana, irin waɗanda ba sa ɗaga murya sai dai su ɗaga gira. Ya dube shi ta saman tabarau.

"Ashe? To ka zo a daidai, mai soya mini na safe zai bar aiki ƙarshen wata. Abin da aka fi nema a nan wainar ƙwai ce da cuku. Ƙwai uku, cuku yanka biyu, minti biyar, mutum ya haɗa da burodi ya ci ya kama motarsa. Mai sauri, mai araha. Asabar da safe zan zo gidanka ka yi mini. In ka iya, murhun safe naka ne. In ka kasa, farantin ma na fasa, don ba na ajiye mai ƙarya kusa da abincina."

"Minti biyar? Kawu, me zan yi da sauran ukun?"

Da ya dawo gida ya faɗa wa matarsa, sai ta dafe ƙirji.

"Baban 'yan biyu, kai da ko ruwan shayi ban taɓa ganin ka ɗora ba? Aikin faranti na roƙar maka!"

"Ke matsalarki ƙaramin buri."

"To zo in nuna maka ko sau ɗaya. Yau Laraba, da sauran lokaci."

"Ki nuna wa wa? Kin taɓa jin kyanwa ta koya wa zaki farauta?"

Kwana ukun nan bai taɓa kasko ba. Abin da ya yi shi ne bin ɗaki ɗaki yana gayyata. Ya gayyaci nas, ya gayyaci kafintan da ke ɗakin ƙofar gida, har matan gidan da ke kallon nasu sai da ya aika musu, wai su zo su ga yadda ake girki na ilimi, kyauta, ba sai sun biya kuɗin makaranta ba.

Asabar tun da sassafe ya fito da murhun gas tsakar gida, wai kicin ɗin ya yi masa kaɗan. Ya ari teburin kafinta. Ya ɗauki rigar matashin kai fara, ya cusa mata kwali a ciki ta miƙe, ya kifa a kansa. Ya ɗaura tawul a ƙugu. Allah ya taimaka 'yan biyun suna wurina, ba su ga ubansu a wannan kama ba.

Nas ta fito da bokitin wanki ta shanya fararen zannuwan gadonta a igiya, ta juyo ta gan shi.

"Innalillahi. Wa ya rasu?"

"Hular aiki ce, Nas. Tsayinta shi ke nuna girman kuku."

"To kai kam ka kusa taɓa wayar lantarki."

Kawu ya iso da farar riga da farar hula, riƙe da leda. Matan maƙwabta sun jeru a bakin zaure, kowace da ɗan uzurinta na ƙarya, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo neman kazarta. Surukata ta shimfiɗa wa kawunta tabarma ya ce a'a, kujera zai zauna, kusa da tebur, ya ga aiki da idonsa. Ya fito da kaya ya jera: ƙwai tara, fakitin cuku, ɗan man gyaɗa a kwalba, burodi.

"Uku ake bukata, na kawo tara don na san halin sabon hannu."

"Kawu, shidan a ajiye wa yara."

Kawu ya cire agogonsa ya ɗora a kan tebur. "Bismilla."

Mai-Otal ya naɗe hannun riga ɗaya, ya manta ɗayan. Ya ɗauki ƙwai ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Abu na farko, kuku ba ya fasa ƙwai da hannu biyu. Wannan aikin matan gida ne."

Ya taɓa ganin wani ƙaton kuku yana yi ta taga: ƙwas, ya buɗe da yatsu, ya jefar da ɓawo, ko kallo ba ya yi. Abu mai sauƙi. Ya buga ƙwan a bakin kwano ya matse. Ƙwan ya tarwatse a tafinsa, ya bi hannun rigar da bai naɗe ba, ya gangara har gwiwar hannu. Sanyinsa ya ji a hammata.

"Wannan ƙwan tsohuwar kaza ne, ɓawon ba ƙwari."

Na biyu ya buɗe lafiya, sai dai kwanon yana gabas ƙwan ya sauka yamma, a kan takalmin kafinta.

"Mai-Otal, ni ba a soya ni," in ji kafinta.

Na uku ya shiga kwano, shi da ɓawonsa duka, a marmashe.

"Da gangan ne. Ɓawon ƙwai yana ƙara ƙarfin ƙashi. Ga Nas nan, a tambaye ta."

"Kada ka sa ni a shirmenka. Shekara talatin ina aiki ban taɓa rubuta wa mara lafiya tsakuwa ba."

"Zubar," in ji Kawu. "Saura shida."

Matarsa ta matso a hankali. "Baban 'yan biyu, don Allah hannu biyu."

Sai ya juya wa jama'a baya, ya fasa uku da hannu biyu kamar kowane ɗan Adam, ya juyo yana yarfe hannu ɗaya wai da shi ya yi. Ya zuba gishiri. Matarsa ta miƙo masa cokali mai yatsu don ya kaɗa.

Da ya kaɗa ya soya, da yanzu wani labarin ake. Amma ya ga matan zaure sun fara hamma, zuciyarsa ta ce masa mutuncin da ya zube da ƙwai uku sai an kwaso shi da abin mamaki.

"Mu a otal inji ke kaɗa ƙwai. Shi ya sa yake tashi kamar auduga. Kafinta, ara mini injinka na huda katako."

"Na huda katako fa ka ce."

"Juyawa yake ko ba juyawa yake ba?"

"Yana juyawa."

"To ilimin ke nan. Kawo."

Kafinta mutum ne mai son ganin ƙarshen abu. Ya shiga ya ɗauko, har da taya shi ɗaure cokalin a bakin injin, sannan ya ja da baya ya laɓe a bayan tankin ruwa. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsaya. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Mai-Otal ya riga ya tsoma cokali ya danna har ƙarshe.

Nas ta ce ita ƙara kawai ta ji, sai ta ga duniya ta koma rawaya. Kwanon ya yi juyi uku a kan tebur ya tashi sama. Ƙwai ya yi wa zannuwan gadonta zane tun daga wannan bakin har wancan. Ya sami matan zaure. Ya sami bango, ya sami taga. Mafi yawansa kuwa Kawu ya nufa, kamar an aike shi: hula, tabarau, gaban riga. Shi kuma gwanin, maimakon ya saki maɓallin, tsoro ya sa ya ƙara danƙe shi, yana ta zagaye tsakar gida da inji a hannu yana ihu, "Ina ake kashe shi? Ina ake kashe shi?"

"Saki yatsanka!" in ji kafinta daga bayan tanki.

Ya saki. Wani ɗigon gwaiduwa ya taho a hankali ta kan gilashin Kawu ya tsaya a ƙarshen hancinsa.

"Zannuwana!" Nas ta ɗora hannu a ka. "Tun asuba nake cuɗa su! Allah ya isa tsakanina da otal ɗin nan da ya sake ka cikin mutane!"

"Injin ne ba na kicin ba, ƙarfinsa ya yi yawa."

"Na faɗa maka na katako ne."

"Ai ba ka faɗa da ƙarfi ba!"

Surukata ta durƙusa gaban kawunta. "Kawu, ka yi haƙuri. Ka dubi yaran nan."

Kawu ya cire tabarau ya dube ta. 'Yar ƙanwarsa ce, shi ya riƙe ta tana ƙarama.

"Saboda ke. Saura uku. Zan je famfo in wanke fuskata. Minti biyar ɗin yanzu suka fara, in na dawo in tarar da abinci a faranti."

Ya nufi famfo, Nas ta bi shi da zannuwanta tana ta sababi. Mai-Otal ya fasa ukun ƙarshe da hannu biyu, a gaban kowa, ba kunya. Ya kaɗa da cokali. Ya kunna wuta, ya zuba mai, ya juye. Ƙwai ya yi caaa, gefensa ya fara tashi, ƙamshi ya bugi hanci. Wallahi ya fara kama da abinci. Nan take kafaɗunsa suka dawo inda suke, hular ma ta ƙara miƙewa.

"Kun gani? Ɗazu gwajin kayan aiki nake."

Ya yage fakitin cuku. Irin cukun nan ne na kanti, yankakke fale-fale, kowane yanka a naɗe cikin 'yar ledarsa mai haske, sirirya kamar fatar albasa. Shi bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Daga taga yake hango kuku na ɗaukowa a tire yana jefawa a kasko, bai san wani ya riga ya ɓare ba. Ya juya yankan gaba, ya juya baya. Yana sheƙi. Ya ɗan ja gefe da farce, hannun duk mai, ya zame. Ya kalli agogo, minti biyu sun tafi. Sai ya yanke wa kansa hukunci: abu mai kyau haka, mai santsi haka, ai haka aka halicce shi.

Ya shimfiɗa biyu a tsakiyar ƙwan.

"Baban 'yan biyu, ledar!"

"Wace leda? Fatar cuku ce."

"Wallahi leda ce, ɓarewa ake!"

"Ke kin taɓa shiga otal? Ita ke riƙe daɗin. Da ta ji wuta narkewa take ta zama romo."

Ta kai hannu za ta cire, ya tare ta da gwiwar hannu, ya naɗe wainar ta rufe cukun ruf. Ta juya wurin kafinta.

"Malam, ka yi masa magana!"

"Ni cuku ban san shi ba, Hajiya. Da katako ne."

Wani wari ya fara tashi daga gefen kaskon, inda kunnen ledar ya leƙo ya taɓa ƙarfe. Nas ta ɗago kai daga famfo tana shinshina.

"Wa ke ƙona shara da safen nan?"

"Ƙamshin cuku ne na asali. Hancin da bai saba ba haka yake ji."

Ya juye a faranti, ya yanka burodi ya jera a gefe, har da goge bakin farantin da tawul ɗin ƙugunsa. Kawu ya dawo, hula a hannu tana ɗiga, ya zauna ya dubi agogo.

"Minti huɗu da rabi." Ya dubi farantin. A ido kam ba laifi, rawaya, a naɗe, tana tururi. Gira ɗaya ta ɗaga. "To."

Surukata ta buɗe baki, mijin ya watsa mata wani kallo, ta ja da baya. Daga baya ta ce da ni, a ranta addu'a take, ko Allah zai sa ledar ta narke ɗin da gaske.

Kawu ya sa cokali a gefe ya gutsura ya ci. Ya gyaɗa kai. Mai-Otal ya juya ya kalli matan zaure ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya kai cokali tsakiya ya danna. Cokali ya ƙi shiga. Ya ƙara dannawa, wainar ta zame ta koma gefen faranti. Sai ya ajiye cokali, ya ɗauke ta da burodi ya kai baki ya gartsa.

Cukun nan ya narke a cikin ledarsa ya zama ruwa, ba hanyar fita. Da haƙori ya huda, sai ya yi tsartuwa, da zafinsa, ya wanke wa Kawu haɓa da gemu. Kawu ya zabura ya ja kai baya, ledar ta biyo shi. Ya ja, ta miƙe. Hannunsa ya kai iyakar tsawonsa, abu na nan tsakanin haƙoransa da burodi yana sheƙi a rana.

"Kun ga yadda yake jawuwa?" in ji Mai-Otal, muryarsa ta ɗan siranta. "Alamar mai kyau ke nan."

Nas ta matso, ta sa yatsu biyu ta zare abin daga bakin Kawu kamar tana cire zaren ɗinki a ciwo. Ta ɗaga shi sama, ta juya shi kowa ya gani.

"Jama'a, leda. Leda ya soya wa surukinsa."

Zaure ya ɗauka. Wata har da zama a ƙasa. Kafinta ya rungume tanki yana dukansa da hannu.

"Ba leda ba ce! Fata ce! Manyan mutane da ita suke ci, ni na gani da idona!"

Kawu ya goge gemunsa da jiƙaƙƙiyar hularsa. Bai ɗaga murya ba. Ya tura masa farantin.

"Saura ɗaya a ciki. Kai ma babban mutum ne. Bismilla."

Baki shi ke yanka wuya. Ido ya fi ashirin a kansa. Ya ɗauki sauran ya cusa a baki. Ya tauna. Ya tauna. Ƙwan ya wuce, cukun ya wuce, abu ɗaya ya rage yana ƙiƙi-ƙiƙi tsakanin haƙora. Ya mayar da shi kuncin dama, ya dawo da shi na hagu. Gumi ya keto daga ƙarƙashin rigar matashin.

"Yaya romon?" in ji Nas.

Ya ɗaga babban yatsa. Ya runtse ido zai haɗiye.

"In ka haɗiye, ni na yi ritaya, ba mai zaro maka ita. Tofar, sakarai!"

Ya tofar a tafin hannu. Ya tsaya yana kallonta, ta dunƙule kamar cingam ɗin da aka gama da shi.

"Wataƙila kamfanin ne suka canza irin fatar."

Kawu ya ɗaura agogonsa, ya miƙe, ya dafa kan 'yar ƙanwarsa, ya nufi ƙofa. Sai a lokacin abin ya sauko wa ɗan nawa. Ya bi shi da gudu har zaure, kwalin hular ya karye ya rufto masa a ido.

"Kawu! To aikin farantin fa? Na karɓa, wallahi na karɓa!"

"Farantaina na tangaran ne," in ji Kawu, ya fita.

Ya dawo tsakar gida ya tsaya. Matarsa ba ta ce masa uffan ba. Ta zare rigar matashin daga kansa, ta karɓi zannuwan Nas ta ce ita za ta wanke, ta haɗa su a baho. Wannan shirun nata ne ya hana ni cin abinci da na ji, don yarinyar nan ba ta cancanci haka daga gare mu ba.

Washegari da safe na ɗauki mayafina na je na buga musu ƙofa. Na ce ya sa takalmi, kuma in ya kuskura ya buɗe baki a hanya sai na tuna masa ni na yaye shi. Na tasa shi gaba har gidan abincin. Da tsufana da ciwon gwiwata na durƙusa wa Kawu a gaban masu cin abinci, na ce ƙarya ya yi, na sani, ni na haifi abina, amma jikokina ba su yi wa kowa ƙarya ba. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa, ya ce in tashi don girman Allah. Ya ce akwai wanke-wanke a baya, tukwane da kasake kawai, abin da ba ya fashewa, kuma tsakaninsa da murhu taku goma. Na ce mun gode. Na taka ƙafar auta, shi ma ya ce ya gode.

Na raka shi har bakin famfo, na naɗe masa hannun riga da kaina, duka biyun. Ban kai ƙofa ba na jiyo muryarsa, yana faɗa wa matar da ta shekara goma sha biyu tana wanke tukwanen gidan cewa ba haka ake riƙe soso ba.